'Yar kyamarar nan mai arha da nake ɗaukar bidiyo da ita a kan keke

Masu yawan tambayata a kan 'yar kyamarar da nake ɗaurawa in na fito da keke, toh yau dai ga bayaninta, kuma tun yanzu in faɗa muku ba GoPro ba ce, wato shahararriyar 'yar kyamarar nan mai tsada da ake ɗaurawa a jiki, duk da kowa haka yake kiranta har shi mai shagon da ya sayar min a Farm Centre. Irin waɗannan ne marasa sunan kamfani da ake shigowa da su daga Chana, baƙa 'yar ƙarama, a jikin kwalin an buga 4K da manyan baƙaƙe an sa hoton wani Bature yana ninƙaya a cikin teku, in ka juya kwalin gaba da baya ba za ka ga adireshi ko sunan wanda ya ƙera ta ba. Siffarta gaba ɗaya kwaikwayon SJ4000 ce ta kamfanin SJCAM wadda ta fito a 2014, ita ma waccan ɗin GoPro ta kalla aka yi ta, har batirin ma iri ɗaya ne da na SJ4000 ɗin, 900mAh, za ka iya cire na wannan ka sa a waccan. A shagunan intanet irinta ba ta wuce dala 20 zuwa 30, ita kuwa GoPro Hero 13 Black da ta fito a 2024 dala 400 aka sa mata, to kai ma ka yi lissafin naira da kanka ka ga tazarar.

Wani zai ce ai da waya ma ana ɗauka, me ya kai ka sayen wani abu daban. Haka ne, kuma kyamarar wayata ta fi wannan nesa ba kusa ba, amma duk wanda yake yawo a cikin Kano ya san ɗaura waya a kan keke a fili kana tafe kowa yana ganinta gayyatar masu ƙwace ne kawai, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ga kuma faɗuwa, ranar da tayarka ta shiga yashi ka zube wayar ce za ta fara isa ƙasa kafin kai. Sannan girgiza ma ba ta yi wa kyamarar waya daɗi, a 2021 Apple da kansu sun fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata abin da yake daidaita hoto a kyamarar iPhone, su dai babur suka ambata ba keke ba, amma ni da na san irin gargadar hanyoyinmu ban ga dalilin da zan yi gwaji da wayar da nake cin abinci da ita ba. Wannan kuwa in ta fashe ta fashe, zan ji haushi na kwana ɗaya shikenan.

Cikin kwalin akwai tarkace da yawa wallahi, har sai ka rasa wanne ne na me. Akwai gidan roba mai garai-garai na hana ruwa shiga wanda suka ce yana jure zurfin mita 30, akwai maƙalin kan keke mai noti biyu, da ƙananan hannuwa na lanƙwasawa, da faranti masu gam na mannawa a hular kwano, da igiyoyi, da wayar caji irin tsohon bakin nan na Android. Abin da ya yi min daɗi shi ne bakin maƙalan duk irin na GoPro ne, don haka duk wani bel ko maƙali da ka gani a kasuwa zai hau. Robar dai ba ta da ƙwari, in ka matse notin da ƙarfi za ka ji tana ƙara kamar za ta tsage, a hankali ake bi da ita. Belin ƙirji ba ya ciki, daban na saya, kuma shi ne ma abin da ya fi komai amfani kamar yadda zan zo kai.

Maganar 4K ɗin nan ku bar ta kawai. In ka shiga saitin za ka ga an rubuta 4K ɗin, kuma in ka ɗauka ka buɗe a kwamfuta fayil ɗin zai nuna maka 3840 da 2160 kamar gaske, amma kana kallon hoton za ka san an yi maka wayo, domin 4K na gaskiya ɗigon hoto sama da miliyan 8 ne, shi kuwa 1080 kusan miliyan 2 ne, abin da irin waɗannan kyamarorin suke yi shi ne su ɗauki ƙaramin hoto su buɗa shi ya cika girman, ba wani abu da ya ƙaru sai nauyin fayil. Na ɗauki allon wani shago a kan titin BUK da saitin biyun daga waje ɗaya, na kawo su kusa a kwamfuta, rubutun da bai karantu a 1080 ba bai karantu a 4K ɗin ba, ƙari ma na 4K ɗin yana tafiya yana ɗan tsayawa, mota tana wucewa kamar ana tura ta da hannu. Don haka ka sa ta a 1080 mai hoto 30 a daƙiƙa ka manta da sauran. Akwai wajen da aka rubuta 60 ma, shi ma da na bi shi hoto bayan hoto sai na ga maimaita kowane ɗaya take yi sau biyu.

Yanzu ga inda maganar take, wajen ɗaurawa. Ni a ganina duk wanda ya sayi irin wannan ya ce ba ta da amfani, in ka bincika a kan keken ya ɗaura ta, wato a ƙarfen da ake riƙewa, saboda nan ne kowa hankalinsa yake fara zuwa kuma maƙalin wajen ne suka saka a kwali. Ita wannan kyamarar ba ta da abin da yake kashe girgiza ko kaɗan, su GoPro tun Hero 7 Black ta 2018 suka kawo nasu da suke kira HyperSmooth, akwai na'ura a ciki da take jin motsi sai ta gyara hoton, wannan babu, abin da ƙarfe ya ji shi za ka gani. A kan kwalta mai laushi irin ta titin Gwarzo daga Kabuga zuwa sabuwar jami'a abin da sauƙi, za ka iya kalla. Amma kana sauka daga kwalta ka shiga burji ko layin unguwa mai duwatsu, sai ka ga hoton ba rawa kawai yake ba, narkewa yake, turakun lantarki suna lanƙwashewa, katanga tana kaɗawa kamar an taɓa kunun da ya kwana a kwano. Dalilin shi ne idon kyamarar ba ya ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda, daga sama yake karantowa layi-layi zuwa ƙasa, to in ta girgiza kafin ya gama sai saman hoton ya kasance a wani waje ƙasan a wani waje. Kuma wannan irin lalacewar ba ta gyaruwa daga baya, na sa a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut na danna wajen daidaita girgiza, ya rage tsallen amma narkewar tana nan, har ma ta fi fitowa fili. Akwai wata manhaja ta kyauta Gyroflow da masu wannan harkar suke yabo, amma ita tana buƙatar bayanan motsin da kyamara ta ajiye, tamu kuwa ba ta ajiye komai.

Wani mai gyaran keke da nake zuwa wajensa ya ga ina ta fama da maƙalin sai ya ce, "Yallaɓai kawo in sa maka roba a ƙarƙashi," ya yanko tsohuwar robar cikin taya ya naɗa a ƙarfen sau uku sannan ya ɗaure maƙalin a kai. Gaskiya ta taimaka, aƙalla ta daina zamewa tana kallon ƙasa duk sanda na faɗa rami, kuma ƙarar kaf-kaf ɗin ta ragu. Rage iskar tayar gaba kaɗan shi ma yana taimakawa. Wani abu kuma, kada ka jona waɗannan ƙananan hannuwan biyu ko uku don ta yi tsawo, duk tsawon da ka ƙara girgiza ka ƙara, a matse ta kusa da ƙarfen iya yadda za ta yiwu.

Hular kwano ta fi, domin wuyanka da jikinka suna shanye girgizar kafin ta iso, sai dai duk inda ka waiga nan za ta waiga, kuma mai keke a Kano ai waige ne aikinsa, ka duba ɗan adaidaita ta dama, ka duba mai babur ta hagu, ka duba akuya, wanda zai kalli bidiyon minti biyu ya isa jiri ya kama shi. Ga nauyi, ita da gidanta a saman kai tun ba ka ji har wuyanka ya fara faɗa maka. Sannan kana zama abin kallo sosai, yara suna bin ka suna ihu.

A ƙirji ne na samu abin da nake so. Jiki yana tare girgizar, hannuwanka da kan keken suna fitowa a ƙasan hoton sai mai kallo ya ji kamar shi ne a kan sirdin, kuma ba ta juyawa sai in kai gaba ɗaya ka juya. Dabarar da ke ciki ita ce in kana tsaye ka ɗaura ta tana kallon gaba sak, to kana hawa ka sunkuya sai ta koma kallon tayar gaba da kwalta, ka dawo gida ka tarar awa guda ka yi kana ɗaukar gwiwoyinka. Sai ka ɗaga ta sama sosai, har in kana tsaye ka ga kamar sararin sama take kallo. Maƙalin ba ya ba da damar ɗagawa da yawa in tana zaune daidai, don haka juya ta ake yi kai a ƙasa, sai ka shiga saiti ka kunna juya hoto, ko ka juya shi daga baya a waya. Belin ka ɗaure shi tamau a kan riga mai kama jiki, in ka sa a kan riga mai faɗi zai riƙa lilo. Zafi kam akwai shi, inda belin ya bi duk gumi ne, wannan sai haƙuri.

Da rana tsaka ko da hantsi in rana tana bayanka hoton ba laifi wallahi, na ɗauki badala daga Ƙofar Gadon Ƙaya zuwa Ƙofar Famfo da safe ina nufar yamma, jan ƙasar ya fito, rawayar adaidaita ta fito, wanda na tura wa a WhatsApp bai yarda da 'yar wannan abar aka ɗauka ba, da yake shi WhatsApp ɗin ma matse bidiyo yake yi, na mai tsada da na mai arha duk kusan ɗaya suke komawa a ƙaramin allo. Amma a dawowa da na fuskanci gabas sai sama ta zama fari fat, mutane suka zama inuwa. In ka shiga ƙarƙashin gadar Kabuga sai ta yi duhu ɗif na ɗan lokaci kafin ta farga, kana fitowa kuma ta makance da haske. Rage hasken a saiti da mataki ɗaya yana ɗan ceto sararin sama. Bayan magariba kuwa kada ma ka wahalar da kanka, ba abin da za ka gani sai fitilun motoci suna jan layi da wasu ɗige-ɗige suna yawo a cikin duhun. Idon nata mai faɗi ne, sun rubuta digiri 170, yana kwaso gefe da gefe sosai amma yana lanƙwasa abin da ke baki-baki, kuma yana sa komai ya yi nisa, motar da ta kusa goge maka gwiwar hannu a bidiyo sai ka ga kamar da sauran fili tsakaninku.

Wannan ya kawo ni kan masu son ta don shaida, wato in wani ya buge ka ya gudu a samu lambar motarsa. A nan sai in ce rabi da rabi. Za ta nuna yadda abin ya faru, wa ya shigo hannun wa, launin mota da irinta, wannan duk za a gani. Lamba kuwa sai in motar tana kusa ƙwarai kuma gudunku ya kusa zama ɗaya, kamar a cunkoson Ɗangi ko wajen danja. Wadda ta wuce ka da gudu a titin Zariya, ko ka tsayar da hoton lambar shafaffiya za ka gani. Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin adaidaita ta fi saurin karantuwa a kan farantin lambar kansa. Abin da nake yi in wani ya yi min ganganci shi ne in karanta lambar da ƙarfi da bakina don murya ta shiga, in dai ba a cikin gidan robar take ba.

Sauti ke nan. A cikin gidan ba ka jin komai sai gunji da ƙarar robar tana bugun maƙali, ko kana ihu kamar daga cikin rijiya ake jin ka. In ka cire ta daga gidan ka sa a buɗaɗɗen maƙalin sai iska ta karɓe, fuuu daga farko har ƙarshe. Ɗan guntun soso da na manna a kan ramin makirfon ɗin ya rage, ana jin hon da sallamar mutane, amma in kana son ka riƙa magana kana bayani to ka sa iyafis ka ɗauki muryar a wayarka tana aljihu, ka tafa hannu sau ɗaya a farko don ka samu inda za ka haɗa su daga baya.

Batir kusan awa ɗaya yake yi min in allon bayan a kashe yake kuma ban kunna WiFi ba, in ka kunna shi kuwa kana gani zai zube, ga zafi da take ɗauka. Manhajar wayar da ake haɗa su ma rabin lokaci ba ta kamawa, amfaninta ɗaya ka duba ko saitin ya yi daidai kafin ka tashi, bayan nan kashe. Batirin irinta yana da arha kuma ana samu, sayi biyu ka ƙara. Abin haushin shi ne duk sanda ka cire batir sai kwanan wata da agogo su koma farko, in don shaida kake ɗauka kuma ka kunna rubuta lokaci a jikin hoto sai ka ga bidiyon jiya yana ɗauke da wata shekara can ta baya, dole ka tsaya a bakin hanya ka sake saitawa da waɗannan 'yan maɓallan masu tauri. Tana ɗauka tana caji in ka jona mata fawa banki, na kan sa shi a aljihun baya in zagayo da wayar cajin ta ƙarƙashin hammata, amma sai a buɗaɗɗen maƙali domin gidan robar ba shi da ƙofar waya.

Mamori kuma 32GB ne iyakarta, kuma ka nemi mai sauri wanda aka zana 10 a cikin da'ira, ka saya a wajen wanda ka yarda da shi domin jabun mamori sun yi yawa, zai nuna maka 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai ka dawo ka tarar fayil ya ƙi buɗewa. Ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta. Fayilolin AVI ne masu nauyin tsiya, minti goma yana cin sama da giga ɗaya, kuma wasu wayoyin ba sa buɗe su sai da manhajar VLC. Ka saita ta ta riƙa yanka bidiyon minti biyar-biyar, saboda in batir ya mutu ana cikin ɗauka guntun ƙarshe kawai za ka rasa. Amma ka lura wannan saitin in kati ya cika goge na farko yake yi ya hau kai ba tare da ya tambaye ka ba.

Gidan robar nan dai ya yi abin da aka ce, ruwan Agusta ya same ni a hanyar Kwanar Dawaki na jiƙe sharkaf ita ko ɗigo bai shiga ba, sai dai ɗigon da ya zauna a kan gilashin ya ɓata rabin hoton, sai kana sharewa da yatsa. Wani lokacin kuma gumi yake yi daga ciki, 'yar jakar ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi in ka tura ɗaya a gefe tana shanye shi. Da hunturu ma a gidan nake barinta saboda ƙura, ka ga ramukan caji da na mamori duk a buɗe suke. Lokacin zafin Maris da Afrilu ne matsalar, a rufe cikin roba rana tana dukanta, sai ta yi zafi ta kashe kanta ba sallama, kuma da yake a ƙirji take ba ka ganin 'yar fitilar, sai ka yi nisa kafin ka sani. Yanzu duk inda na tsaya sai na leƙa.

Wani abu da ba a rubuta a kwali ba shi ne mutane. Wasu dariya suke yi su ɗaga hannu, wasu kuwa ransu ba ya so, wani dattijo mai rake ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Ɗan nan, me kake ɗauka ne haka?" na ce Baba hanya ce kawai nake ɗauka, na nuna masa a allon, ya kalla ya ce to Allah ya kiyaye hanya. In na tsaya sayen ruwa ko zan shiga layin da mata suke zaune a ƙofar gida kashewa nake yi, kuma kafin in sa wani abu a Facebook ina yanke inda fuskar mutum ta fito sosai. Wajen shingen jami'an tsaro ko kusa da bariki irin na Janguza kuwa tun daga nesa nake cire ta in sa a jaka, ba na jiran a tambaye ni.

Wanda yake son ya buɗe tasha a YouTube ya riƙa sa bidiyo mai santsi irin na Turawan nan masu gangarowa daga dutse, wannan ba za ta kai shi ba, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi ya nemi tsohuwar Hero 7 Black ko DJI Osmo Action ta 2019 'yar gwanjo, ko cikin masu suna irin su Akaso ya duba wadda aka ce tana da abin kashe girgiza. Wanda kuwa yake son ya ajiye tarihin fitarsa, ya tura wa abokai, ya samu abin nunawa in rigima ta taso a titi da rana, ta ishe shi, da sharaɗin ya haɗa da belin ƙirji da ƙarin batir a lissafinsa. In za ka saya ka je da mamorinka, ka sa mai shagon ya kunna ta a gabanka, ka ɗauki minti biyu kana tafiya a cikin kasuwar, ka cire katin ka sa a wayarka ka kalla, domin kwalayen duk iri ɗaya ne amma abin da ke ciki ba ɗaya ba ne, akwai wadda aka buga wa 4K ɗin nan da ko 720 ba ta cika ba. Ka duba murfin batirin ma yana kamawa da kyau, ka kuma rufe gidan robar ka ga bakin ya zauna daidai kafin ka miƙa kuɗi.